Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Jagorar Ɗalibi a Kano Daga Rijista Zuwa Bautar Ƙasa

Ranar da sunanka ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, gida ya kaure da murna, Umma ta yi sadakar ƙosai, abokai suka fara kiranka Dakta ko Barista tun ba ka taka ƙofar aji ba. Sha murnarka, ka yi ƙoƙari. Sai dai ganin Dala ba shiga birni ba ne. Abin da zan gaya maka a nan shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini a makon farko, ni da na yi shekaruna a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan, ba sai na kama suna ba. Ko BUK kake, ko Northwest, ko Poli, ko Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, ko Legal (kwalejin shari'a ta Aminu Kano), wahalar kusan iri ɗaya ce. Da kai nake, ƙanena, da ke ma, ƙanwata. Inda hanyarku ta rabu zan faɗa.

Fara lissafi daga ƙarshe

Kafin ka sayi jaka ko sabon takalmi, nemi takarda ka rubuta shekarar da kake sa ran gamawa da adadin shekarunka a lokacin. Digiri shekara 4 ne a yawancin fannoni, injiniyanci da lauyanci da noma 5, likitanci 6. A Poli za ka yi 2 a ND, ka fita koyon aiki na shekara guda, ka dawo ka ƙara 2 a HND. NCE kuwa shekara 3 ce. In jami'ar gwamnati kake, ɗora shekara guda a kan lissafin saboda ɓacin rana. Ba baki nake yi maka ba. A 2020 yajin aikin ASUU ya ci wata 9, a 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba ana zaune a gida.

Amfanin lissafin shi ne, wanda ya haura shekara 30 ranar da ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Bankuna da manyan kamfanoni kuma sukan sa iyakar shekaru in za su ɗauki sababbin ma'aikata. Don haka kowace shekarar da ka maimaita tana da farashi. A ƙasan lissafin rubuta abu uku: darajar digirin da kake hari, sana'ar da kake so ta zauna a hannunka kafin ka fita, da inda kake son ka tsinci kanka shekara guda bayan bautar ƙasa. Za su canza, ba laifi. Ninke takardar ka sa a cikin fayil ɗinka, duk ƙarshen semesta ka buɗe ta.

Takardu: aikin makon farko

Baza duk takardunka a kan tabarma: sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, NIN, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da takardar ɗaukar da makaranta ta ba ka. Duba suna harafi bayan harafi, ka duba ranar haihuwa. Mu Hausawa a nan muke faɗawa rami, domin suna ɗaya, kamar Muhammad ko A'isha, ana iya rubuta shi ta hanya uku ko huɗu, wani kuma a wata takarda ya sa sunan unguwa ko na kaka, a wata bai sa ba.

Ni ganau ne. Ranar da na yi rijistar jarrabawar shiga, yaron kafe ya rubuta sunan mahaifina yadda ya ga dama, ni kuma ina sauri in kama sallar Juma'a, ban duba ba na sa hannu. Shekara huɗu harafi ɗaya yana kwance yana jirana. Sai da abokaina suka ɗauki jaka suka tafi sansani, ni ina yawon rantsuwa a kotu da buga sanarwa a jarida. Watanni na yi a gida ina amsa tambayar "Kai yaushe za ka tafi?" a wajen duk wanda na gaisa da shi a masallaci.

Bayan gyaran suna, tabbatar ɗaukarka ta bi ta JAMB kuma sunanka yana cikin jerin ɗaliban da hukumar ta amince da su, domin NYSC, hukumar bautar ƙasa, da wannan jerin take aiki. Ɗauki hoton kowace takarda, har da rasit ɗin Remita da fom ɗin rijistar kwasa-kwasai na kowane semesta, ka aika wa kanka ta imel. Waya tana ɓacewa, imel yana nan. Sannan ka nemi kodinetan ajinku ka gaishe shi ya san fuskarka. Kada ka yi rijistar kwas saboda abokinka ya yi. Kwas ɗin da ba ka yi wa rijista ba, ko ka ci 90 babu wanda zai lissafa maka, wanda ka yi wa rijista ka ƙi shiga jarrabawarsa kuma faɗuwa ce.

Ina za ka kwana?

Zaɓi uku ne: ɗakin kwanan makaranta, haya a kusa, ko jeka-ka-dawo daga gida. Ɗakin makaranta ya fi arha kuma ya fi kusa da laburare, sai dai gado ba ya isa, wanda ya riga biyan kuɗin rijista shi ke da damar samu. Masu haya a sabuwar BUK ta titin Gwarzo sukan nemi Danbare, Rimin Gata ko Rijiyar Zaki, na tsohuwar kuma Janbulo, Ɗorayi da kewayen Kabuga. Kada ka biya dillali da tsakar rana ka tafi. Koma gidan bayan Magariba ka ga yadda layin yake, ka tambayi wanda ke zaune a ciki, ba mai gidan ba: akwai rijiya ko burtsatse, ko sai 'yan garuwa? Kwana nawa ake yi ba wuta? Ruwa yana shiga ɗaki da damina? Karɓi rasit, ku rubuta yarjejeniya da shaida.

Ɗan cikin gari yakan ɗauka zama a gida kyauta ne. Zauna ka lissafa. Tun 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano, adaidaita sahu ce abin hawan talaka, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban abin da ke cin aljihun ɗalibi. A ce kana kashe naira 1,000 zuwa da dawowa, kwana 22 a wata, ka ga 22,000 ke nan ba ka ci ko awara ba. Wani in ya haɗa na wata takwas zai ga ya kusa kuɗin ɗakin da za su raba su uku. Ga kuma lokaci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kabuga da bakwai da rabi na safe, ɗalibai sun yi cirko-cirko, mai adaidaita yana ɗaga yatsa yana cewa "Rijiyar Zaki, mutum ɗaya", mutum shida suna rige-rigen kujerar, ya san lakcar ƙarfe takwas daga ƙarfe shida take farawa.

Akwai wata matsalar zaman gida da ba a cika faɗa ba: aike. A idon gida, duk ranar da ba ka fita ba, ba ka da aikin yi. Ke kuma ƙanwata, girki da wanke-wanke da rainon ƙanne suna jiranki ko gobe kina da tes. Maganinta ba ƙunƙuni ba ne. Kwafi jadawalinka da babban rubutu, ka sami Umma bayan Isha ka ce, "Umma, ga ranakun da nake da lakca, ga kuma lokacin da nake so a bar mini in yi bita. Asabar da safe duk aiken da yake akwai a tara mini, ni zan yi." Manna shi a bangon ɗaki. Iyaye ba sa ƙin karatun ɗansu, rashin sanin yadda yake ne.

Yadda za ka raba yini

Da sanyin safiya ake kama fara. Awa ɗaya da rabi bayan sallar Asuba ta fi awa uku na dare amfani, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ƙarfe biyu na rana ƙwaƙwalwa ba ta karɓar komai. Ware wannan lokacin ga kwas mafi wuya. Ka karya kafin ka fita, ko da koko da ƙosai ne, ka cika gorar ruwa.

A aji ka zauna a gaba. In kun kai ɗari biyar a babban zaure, lasifika tana shaƙewa, na baya hira kawai yake sha. Rubuta da hannunka, kada ka dogara da ɗaukar hoton littafin wani, domin hotunan nan taruwa suke yi a waya har ranar jarrabawa ba a buɗe su ba. Tsakanin lakcar safe da ta yamma sau da yawa akwai awa biyu ko uku, kuma a nan ake rabuwa. Wasu gindin bishiya suke nufa a buɗe musun ƙwallo, wasu su shiga laburare su sake bin abin da aka koyar tun yana da ɗumi. Minti ashirin ga kowace lakca a ranar da aka yi ta ya isa. Ranar da ba makaranta, laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello yana nan.

Karatun kwana a aji ana gobe jarrabawa, wanda ɗalibai ke alfahari da shi, ni ban yarda da shi ba. Na ga wanda ya kwana yana haddace handaut, barci ya sace shi bayan Asuba, ya farka an yi rabin jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi tambayoyin shekarun baya tun mako na huɗu, ku haɗa rukunin mutum uku zuwa biyar, kowa ya ɗauki babi ya koyar da sauran. Da zarar rukuni ya haura haka ya zama majalisa.

Cika cajin waya da fitila a makaranta kafin ka tashi. In duhu ya yi, waya ta koma aljihu, kada ka riƙa latsa ta a bakin ƙofar adaidaita ko a lungu, ƙwacen waya ba labari ba ne a garin nan. In azumi ya faɗo cikin semesta, juya jadawalin: karatu mai nauyi bayan sahur, na sauƙi bayan tarawihi.

Lissafin maki, inda aji ɗaya ke yanke hukunci

Zan daɗe a nan, domin yawancin ɗalibai sai a aji uku suke gane yadda ake lissafin CGPA, wato matsakaicin makinka na duk shekarun karatu, lokacin da bakin alƙalami ya fara bushewa. A tsarin maki 5 da jami'o'i ke bi, 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da 40 kuma F, sifili. Kowane kwas yana da nauyinsa, yunit 2 ko 3 galibi. Ana ninka daraja da yunit, a tara, a raba da jimillar yunit.

Ga misali. Kwas huɗu: mai yunit 3 ka ci A, 15 ke nan, mai yunit 2 ka ci B, 8, wani mai yunit 2 ka ci C, 6, mai yunit 3 kuma ka faɗi, sifili. Jimilla 29 a raba 10, ka tashi da 2.9. Da wancan da ka faɗi ka lallaɓa ka ci C kawai, da 38 a raba 10 ne, wato 3.8. Faɗuwa ɗaya ta sauko da kai daga wata darajar digiri zuwa wata, ga kuma keri-oba, wato maimaita kwas ɗin da ka faɗi, da za ka ɗauka baɗi, ta zo ta yi karo da lakcar sabon ajinka.

Daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50. Yanzu duba wannan. In nauyin shekarun ya zo daidai, wanda ya gama aji ɗaya da 2.0 kuma yana son fita da 3.50, sai ya riƙe 4.0 a duk sauran shekaru ukun. Wanda ya gama da 3.0 kuwa, kusan 3.7 ya ishe shi. Abin haushin shi ne kwasa-kwasan aji ɗaya su ne mafi sauƙi, rabinsu maimaicin sakandare ne, amma a lokacin ne ɗalibi yake yawon kallon makaranta.

Saboda haka kada ka raina tes da asaimen. Maki 30 ko 40 na aikin cikin semesta suna hannunka tun kafin jarrabawa. Wanda ya shiga zaure da 25 cikin 30 da wuya ya faɗi. Kwasa-kwasan bai-ɗaya da ake rainawa su ma yunit gare su. In sakamako ya fito ba ka ga makinka ba, rubuta takardar koke a makon, ka haɗa da shaidar ka shiga jarrabawar, kada ka bari sai shekarar fita. Satar amsa kuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Keri-oba tana gyaruwa, kora ba ta gyaruwa.

Kuɗi da ciki

Duk abin da ya shigo hannunka a wata, fara cire kuɗin mota da na handaut ka ware su daban, in da hali a wani asusun da ba ka yawo da katinsa. Sauran shi ne na ci da data. In kana girki, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu a farkon wata ku sayo da yawa: wake da gero a Dawanau, taliya da mai da sukari a Singa, kayan miya a 'Yankaba. Kwano ɗaya na wake da biyu na shinkafa, da mai da yaji, garau-garau ne na kwanaki. Sayen ɗanwake da gurasa a bakin makaranta kullum yana da daɗi, amma tara kuɗin mako guda ka gani. Sutura kuwa, gwanjon Ƙofar Wambai bai taɓa hana kowa cin jarrabawa ba. Sayi gidan sauro kafin damina, ka kuma yi katin asibitin makaranta tun kana lafiya.

In kuɗin rijista ya gagari gida, akwai bashin karatu na NELFUND da gwamnatin tarayya ta buɗe a watan Mayun 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Babu ruwa a kansa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake biya wa makarantar, kai kuma a ba ka 20,000 a wata na kashewa in ka nema. Za a buƙaci lambar JAMB, NIN, BVN da lambarka ta ɗalibi. Biya yana farawa shekara 2 bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da kake samu. Bashi ne, ba kyauta ba, ka shawarci mahaifinka kafin ka cika. Ɗan jiha kuma ya riƙa sa kunne ga sanarwar hukumar ba da tallafin karatu ta Kano.

Abu uku ka guje su: cacar ƙwallo, manhajojin ba da bashi na waya da ke bin lambobin 'yan uwanka suna tona maka asiri, da duk wanda ya ce kawo dubu goma ta zama ashirin a mako. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mun ga lokacin da rabin aji ke dangwalar waya a ƙarƙashin benci da sunan mainin, wato haƙar kuɗin intanet, malam yana gaba yana bayani.

Sana'a a hannu

Wannan ce falalar da ɗalibin Kano ya fi na wasu garuruwa. Kana zaune a cibiyar kasuwanci: Kantin Kwari na atamfa da shadda da yadi, Farm Centre da titin Beirut na waya da gyaranta, Sabon Gari, Ƙofar Ruwa ta kayan gini, ga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa. Kunya ce mutum ya yi shekara huɗu a nan ya fita bai san yadda ake juya naira ba.

Bari sai ka gama semestan farko ka ga makinka, sannan ka zaɓi abu ɗaya tak. In kasuwa ce, nemi wani babba a dangi ko a unguwa ya kai ka, domin a Kano da sanayya ake shiga rumfa. Ka je da ladabi: "Alhaji, barka da kasuwa. Ina karatu ne, amma ina so a ba ni dama in riƙa zuwa Asabar da lokacin hutu ina koyo." Kada ka tambayi nawa za a ba ka. Ɗauko dila, auna yadi, rubuta lissafi. Wata shida za ka san sari, ka san bashi, ka san wane baƙo ne mai cika alkawari. Da yawa daga nan suka fara ɗaukar hoton kaya suna sawa a WhatsApp, a saya su ci riba ba tare da jarin ko sisi ba. Ɗalibai mata sun daɗe da gane wannan: turaren wuta, humra, mayafai, cincin da kek, ƙunshi, ɗinki, duk a ɗakin kwana ake cinikinsu. Sai dai ki riƙe littafin bashi, domin ƙawaye ne ke karya jari.

In hankalinka ya fi kwanciya da kwamfuta, fara da abin da kowane ofis ke nema: buga rubutu da sauri, Excel, rubuta wasiƙa mai tsabta da Turanci. Daga nan ka zaɓi zane, ko nazarin bayanai, ko rubuta manhaja. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 kyauta yake koyar da fasahar kwamfuta, YouTube ma malami ne ga mai haƙuri. Koyar da yara lesin da yamma a unguwa shi ma yana rufa asiri.

Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda. Mako uku kafin jarrabawa rufe shago. In aka tafi yajin aiki kuma, a makon farko ka koma wajen sana'arka, kada ka zauna jiran labarin "gobe za a janye" a rediyo.

Mutane

Gaida malamanka, ka riƙa tambaya a aji, ka bari aƙalla biyu su san sunanka da aikinka. Wata rana su za su rubuta maka takardar shaida. Abokai kuwa, duba makin wanda kake yawo da shi, naka ba zai yi nisa da nasa ba. Ƙanwata, kada ki je ofishin kowa ke kaɗai bayan an tashi, tafi da ƙawa. In wani ya matsa miki, adana saƙonnin, ki gaya wa gida, ki kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai. Shiru ba ya kare kowa.

Maganar aure za ta taso, sau da yawa a aji biyu ko uku. Aure bai hana karatu ba, mun zauna aji da masu goyo kuma wasunsu sun fi mu maki. Amma a yi maganar ci gaba da karatu a gaban waliyyai tun kafin a sa rana, a fayyace wa zai biya rijista da kuɗin mota, a kuma sa biki cikin dogon hutu. Alkawarin zaure ba shaida ba ne.

Koyon aiki da furojet

Masu kimiyya da injiniyanci da wasu fannoni za su fita SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, masu ilimi kuma koyarwar gwaji. Fara neman wuri wata uku kafin lokaci. Kada ka nemi inda za a sa maka hannu a littafi kana kwance a gida, wannan ce damarka ta farko ta shiga wurin aiki a ga ƙwazonka. A furojet zaɓi batun da za ka iya samo bayanansa a nan Kano da ƙafarka, ka kai wa mai duba ka babi-babi. Na saye ana gane shi da tambaya biyu ranar kare shi.

Bayan an fita

Mai NCE da wanda ya yi karatun wucin gadi ba sa zuwa bautar ƙasa. Mai NCE ya nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu tun karatu bai huce ba. Lauya yana da shekara guda a makarantar lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda, likita kuma shekarar horo a asibiti. Malami ya yi rijista da TRCN, hukumar rijistar malamai, mai akanta ya fara jarrabawar ICAN ko ya bi ta ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci.

Bautar ƙasa shekara guda ce, da mako 3 a sansani. Sansanin Kano yana Kusalla a ƙaramar hukumar Ƙaraye, amma kai wata jihar za a tura ka, haka tsarin yake tun 1973. Matar aure tana iya neman a bar ta inda mijinta yake. Alawus yanzu 77,000 ne a wata. Yanke abin da za ka riƙa ajiyewa tun daga watan farko, ko 20,000 ne, ka ga 240,000 a ƙarshen shekara, jarin fara wani abu ko kuɗin fom ɗin digiri na biyu.

Daga nan hanya uku ce, kuma takardar nan da ka ninke a aji ɗaya ita za ta nuna wadda ka shirya wa. Mai son ƙarin karatu ya san guraben tallafi maki suke bi: PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, da Commonwealth sukan nemi daraja ta biyu babba zuwa sama, Chevening ta Ingila tana neman shekara 2 ta gogewar aiki, kuma da gwamnatin Kano ta dawo da tura ɗalibai ƙasashen waje a 2023, masu daraja ta ɗaya ta ɗiba. Yi fasfo da wuri, ka nemi cikakken sakamakonka tun kana bautar ƙasa domin yana ɗaukar lokaci. Mai neman aiki ya rubuta takardar bayanin kansa shafi ɗaya, ya sa koyon aikin da ya yi da sana'arsa a ciki, kuma duk wanda ya ce kawo kuɗi a ba ka ofa, wato takardar ɗaukar aiki, riƙe kuɗinka. Mai kasuwanci ya yi wa sunan kasuwancinsa rijista da CAC, hukumar rijistar kamfanoni, ya buɗe masa asusu daban da na aljihunsa.

Kafin duk wannan akwai kiliyarans, wato tantancewar da makaranta ke yi kafin ta sallame ka. A makon da ka rubuta jarrabawar ƙarshe, tun abokai suna rubutu a farar riga ana ɗaukar hoto, mayar da littattafan laburare, tattaro rasit ɗin kowace shekara, ka je wajen kodineta ku bi makinka kwas bayan kwas daga aji ɗaya, ku tabbatar babu wanda ya maƙale. Karɓi lambar waya da imel na malaman nan biyu, ka gaya musu da bakinka cewa za ka nemi takardar shaida a wurinsu. Sannan ka sake duba yadda aka rubuta sunanka a jerin da makaranta za ta aika wa NYSC, harafi bayan harafi, ko da ranar Juma'a ce kuma an kusa tayar da salla.